Ranar Talatin da Biyu ga Wata

Talata, 3 ga watan Asar, da hantsi

Damina ta sauka a garinmu Tansen da fushinta. Tsawar shekaranjiya ta taɓa kan kwamfutata, ko kuma tsufa ne ya zaɓi ranar. Yanzu duk safiya in na kunna ta sai ta tsaya da baƙin allo tana tambayata yau wace rana ce, kamar kakata in ta farka daga zazzaɓi. Ni kuwa ba na wulaƙanta mai tambaya. Sai in ɗaga kai in dubi kalandar ƙasarmu da ke bango in gaya mata: shekara ta 2082, wata na uku, uku ga wata. Ta karɓa, ta buɗe.

Abin da ta ƙi buɗewa shi ne intanet. Duk shafin da na taɓa sai ya rufe mini ƙofa.

Da ba zan damu ba. Amma a cikinta tatsuniyoyin matata Devkala suke, waɗanda ta yi shekaru tana faɗa tana tsince shinkafa, ni ina bugawa da yatsa biyu. 'Yarmu Prabha ta ce in tura mata su can Fukuoka, za ta riƙa karanta wa mahaifiyarta ta waya kowace yamma in ta tashi daga aiki. Likita ne ya ce muryar da aka sani tana da amfani. Bai ce tawa ba.

Yarinyar nan ta tafi ƙasar da har yanzu suke cikin 2025, shekara hamsin da bakwai a bayanmu, amma ita ke koya mini zamani.

Ɗakin sama shiru. Tun safiyar da Devkala ta faɗi a bakin famfo aka kwantar da ita a can, shiru yake.

Laraba, 4 ga Asar, da rana

Na zuba fayilolin a filashi na gangara kasuwa wurin Hiraman Shakya mai shagon hoto. Tun muna da baƙin gashi muke musu da shi, har yau ba mu gama na farko ba. Yana ce mini Masta-ji, wato malam, ni in ce masa Sahu-ji, mai shago.

"Masta-ji! Ka dawo gyara mini rubutun allon shago?"

"Na haƙura, Sahu-ji. Jahilci ma yana buƙatar inda zai zauna."

Ya aika a kawo shayi. Prabha ta riga ta yi masa bayani: ta buɗe wani akwati a intanet, ta ba shi mabuɗi. Shi zai zuba abin da na kawo, ita ta ɗauka daga can, abin da ta gyara kuma ya kwaso mini.

"Kai taka Windows ce ta zamanin sarki," in ji shi. "Ita tata Mac. Ni tawa Linux, ɗana ya sa mini kafin ya tafi Qatar. Gida uku, kowa da murhunsa, ba mai cin girkin wani."

Na ce ashe ƙauyenmu na da ne ya shiga cikin na'ura.

Da zan tashi ya rage murya. "Yaya Bhauju?" Haka yake kiran Devkala, matar yaya.

Na ce shayinsa ya cika sukari.

Alhamis, 5 ga Asar, da yamma

Prabha ta ce ba ko kalma ɗaya da ake iya karantawa.

Juma'a, 6 ga Asar, da safe

Ta aiko mini hoton allonta ta waya. Labarin tsohuwa mai dakon gishiri, wanda na buga da haruffanmu tsaf, ya fito mata da haruffan Turanci gauraye da lambobi da alamun tambaya, kamar kaji sun bi ta kan jiƙaƙƙen siminti.

"Baba, da tsohon salon haruffa ka buga. Kwamfutarka ce kawai ta san shi. In ya fita daga gidanta ba wanda ke gane shi."

"Duk ofisoshin ƙasar nan da shi suka yi aiki, Nani." Haka nake kiranta tun tana ƙarama.

"Shi ya sa ƙasar take yadda take."

Za ta juya su zuwa sabon salon da kowace na'ura ke ganewa, ɗaya bayan ɗaya, bayan ta wuni tana wanke tsofaffin wasu mutane a gidan kula da tsofaffi.

Ba mu saba doguwar magana ba, ni da ita. Da Devkala ce ke karɓar waya, ni in ji labari a wurin cin abinci.

Asabar, 7 ga Asar, da almuru

Ruwa. Ƙanwata Tulasa, da ta zo daga Ridi ta taya mu jinya, ta sauko da kwanon jaulo kamar yadda ta hau da shi. Shinkafar marasa lafiya ce, ba a taunawa ma. Leɓe a rufe.

Litinin, 9 ga Asar, da yamma

Yau an ci abinci a ɗakin sama!

Na jingina wayar da filo. Prabha ta ce, "Ama, ni ce. Ga ta nan ga ta nanku," irin buɗewar da Devkala ke yi musu suna yara, ta fara labarin mai gishiri. Idon Devkala, da ya kwana da wuni a kan rufi, ya juyo a hankali ya sauka a kan wayar. Tulasa ba ta da ilimi amma tana da wayo, ta kai cokali. Baki ya buɗe. Ta sake kaiwa.

Labarin kowa ya san shi a gidan nan. Tsohuwa ta ɗauko gishiri a hanyar dutse, damisa ta tare ta ta ce yau ke ce abincina. Tsohuwa ta ce to bari in sauke kaya, kada ki ci ni da gishirin mutane. Da ta sunkuya, a yadda na buga, sai ta yi gyaran murya mai ƙarfi, duwatsu suka amsa, damisa ta zaci bindigar maharba ce ta ruga.

Prabha ba gyaran murya ta karanta ba. Ta karanta kalmar da Devkala ke faɗa, ta nan ƙasa, har da kwaikwayon ƙarar. Tulasa ta yi dariya har jaulo ya zube a bargo.

Da aka gama na fita baranda da wayar.

"Nani, ba haka na rubuta ba."

"Na sani. Haka ta faɗa. Na mayar da duk inda ka wanke mata baki, Baba. Ka sa Ama tana magana kamar littafin aji huɗu."

"Abin da aka faɗa a tsakar gida daban, abin da aka rubuta daban. Jikoki za su karanta."

"Jikokin ma za su yi abin da tsohuwar ta yi."

Na ce, cikin raha na faɗa, ni dai na san cikin raha na faɗa: "To, zan duba in gyara." Ta ce sai gobe.

Laraba, 11 ga Asar, da rana

Na tuno wani labarin da ban taɓa bugawa ba, na biri da mai saƙa, na buga shi da safe. Tunda na zauna, sai na bi sauran ina karantawa, haka nake yi kullum yanzu da barci ke sallamata da wuri. In zan rufe kowanne sai kwamfuta ta tambaya ko in adana, in ce e. Ba na wulaƙanta mai tambaya.

Na kai wa Hiraman filashi. Na'urarsa ta ce akwai fayiloli masu suna ɗaya a nan da can, wanne za a bari?

"Sabo mana," in ji shi, ya danna. "Wa ke ajiye tsoho in ba matarka ba?"

Ya ga fuskata, ya shiga neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tebur.

Na dawo gida na buɗe don in ga aikin Prabha. Ban ga komai ba. Nawa ne dai, da gyaran muryarsa. Ko dai daga kai take karantawa?

Alhamis, 12 ga Asar, da yamma

Ta kira kafin lokaci.

"Baba, me ka yi?"

Wai duk abin da ta juya ta gyara ya tafi. Ta buɗe akwatin ta tarar da tsofaffin, sawun kaji, kamar ba ta taɓa zama a kansu ba.

"Ban taɓa komai ba."

"Ka ce za ka gyara."

"Ni ko ganin naki ban yi ba! Wataƙila wannan tsadaddiyar na'urar taki ce ta haɗiye."

"E, Mac ce ba ta son maganar tusa."

Ta faɗa wa mahaifiyarta wani ɗan gajere daga kai, muryarta a bushe. An ci kaɗan.

Juma'a, 13 ga Asar, da safe

Ban taɓa komai ba.

Asabar, 14 ga Asar, da hantsi

Ranar hutu. Hiraman ya hauro da lemarsa mai karyayyen haƙarƙari ya ce bari ya ga majinyaciyar ƙasa, tunda ta sama ba a shiga. Muka buɗe intanet, shafin ya rufe ƙofa kamar kullum. Ya sa tabarau ya karanta Turancin da ke jiki.

"Wai agogonka ya yi gaba."

Muka dubi na kwamfutar. Muka dubi na hannunsa. Muka jira rediyo ya faɗi lokaci. Daidai, ko ƙiftawa babu. Ya dubi kwanan wata a kusurwar allo, ya dubi bango. 2082, wata na uku, sha huɗu.

"Ƙarya take yi," in ji shi. "Windows ke nan. In ta rasa abin faɗa sai ta ɗora wa agogo."

Ya ce mantuwar da take yi kuwa, wani ɗan batir ne a cikinta kamar maɓallin riga, bari ya kwance ya canza. Na dafe murfin. Na ce a gidan nan an gaji da masu buɗewa su duba su girgiza kai. Kuma muryar Devkala tana ciki.

Bai yi musu ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Lahadi, 15 ga Asar, da rana

Ranar dashen shinkafa. Daga baranda ina hango gonakin kwari, mutane na watsa wa juna taɓo. Kowane gida yau kindirmo ne da dakakkiyar shinkafa. Tulasa ta haɗa, amma ba ta sa ayaba yadda ake sawa ba, ta yanka maimakon ta matse da hannu. Na ci hakanan. Na sauka, na hau, na sake sauka. Na gyara kalandar bango da ba ta karkace ba.

Laraba, 18 ga Asar, da yamma

Prabha ta sake yin aikin daga farko. Ta ce idonta har yaji yake. Yau labarin surukin da ya ɓoye a rumbu, da duk ashar ɗin da ke ciki. Na tsaya a bakin ƙofa ban ce uffan ba, don ta ga ban ce ba.

Kwano ya sauko fayau. Tulasa ta nuna mini shi kamar lambar yabo.

Juma'a, 20 ga Asar, da rana

Na yi tunani na ce bari in nuna wa Prabha zuciyata ɗaya ce. Zan karɓo nata in karanta, in ma yaba inda ya dace. Da safe na bi nawa na ƙarshe, don in iya kwatantawa, na rufe su lafiya, na gangara.

Hiraman ya danna abin da yake dannawa.

A gida na buɗe. Nawa ne.

Na zauna ina kallon allon har Tulasa ta leƙo ta ce, "Yaya, ko kai ma in kawo maka jaulo?"

Asabar, 21 ga Asar, da yamma

Prabha ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi.

"Wannan karon ina da nawa a ajiye, Baba. Ba zancen aikin ba ne. Sau biyu. Kullum washegarin da ka je shagon."

"Nani, na rantse miki..."

"Ba sai ka rantse ba. Ka yi shekara talatin da jar biro, hannunka ya saba. Ita ba ta iya cewa a'a yanzu, ni kuma ina nesa."

Sai ta ambaci wani abu na da. Ba zan rubuta shi ba.

"Tunda naka ne daidai, kai ka karanta mata naka."

Ta ce a kai wayar sama. Ta gaida mahaifiyarta, ta ce ta gaji yau, ta kashe.

Lahadi, 22 ga Asar, da yamma

Gaisuwa kawai. Ba labari.

Litinin, 23 ga Asar, da yamma

Na kwafe mai gishiri a takarda na hau sama. Na zauna a kujerar da nake zama, na gyara murya, na karanta da kyau, ina tsayawa inda ake tsayawa. Ɗalibai sun sha cewa muryata tana kai wa bayan aji.

Devkala ta rufe ido tun kafin damisa ta fito. Tulasa ta kai cokali, ta dawo da shi.

"Yaya, kamar sanarwar rediyo kake yi."

Na ce ta je ta duba wuta.

Laraba, 25 ga Asar, da safe

Hiraman ya ce tsakanin na'ura uku ba a rasa munafuki. Yana zargin Mac. Na ce ni ina zargin tasa, tunda kyauta aka ba shi. Muka yi musu kamar da, amma ba daɗi, kamar shayin da aka ɗumama.

Da zan tafi ya ce, "Masta-ji, tsakani da ni da kai. Ba kai ba ne?"

Shi ma.

Alhamis, 26 ga Asar, da yamma

Ba ta kira ba. Saƙon murya Prabha ta aiko wa Tulasa, wai an ƙara mata aiki.

Juma'a, 27 ga Asar, da almuru

Ba ta kira ba. Ɗakin sama shiru.

Lahadi, 29 ga Asar, da rana

Likita ya zo ya ɗaga hannun Devkala ya ajiye. Ya ce in ba ta ci ba zuwa ƙarshen mako sai a koma asibiti, a sa roba ta hanci. Ya faɗa yana kallon takalmansa da taɓo ya ɓata.

Devkala da ta ƙi huda hanci ta biyu ranar aurenmu, ta ce ɗaya ma alfarma ta yi wa danginmu.

Na fara tambayar kaina ko ni ne. Ko hannuna yana yin abin da kaina bai sani ba. Kakata ta ce akwai wani mutum a ƙauyensu da ke tashi cikin barci ya kwance shanunsa, da safe ya kai ƙarar maƙwabta. Ta faɗa mana don mu yi dariya.

Litinin, 30 ga Asar, da yamma

Ruwa. Wayar tana kan filo. Na caja ta ko da a cike take.

Talata, 31 ga Asar, da yamma

Ruwan shayi kawai Devkala ta karɓa.

Laraba, 32 ga Asar, da hantsi

Bari in rubuta wannan a tsanake, yadda ya zo.

Na kunna kwamfuta, ta yi tambayarta. Na dubi bango. Asar na bana mai tsawo ne, yau talatin da biyu. Na buga shekara, ta karɓa. Na buga wata, ta karɓa. Na buga talatin da biyu, ta yi ƙara ta goge. Na sake. Ta goge. Na buga a hankali kamar mai koya wa daƙiƙi. Ta goge.

Ban san me ya hau kaina ba. Makonni ina haɗiye abubuwa, sai wannan ƙaramin ya tsaya mini a wuya. Matata ba ta magana, 'yata ba ta magana, yanzu kuma akwatin ƙarfe zai ce mini ranar da nake tsaye a cikinta babu ita? Na ɗauki waya na kira Prabha. Ni da kaina. Ban tuna ranar da na taɓa yi ba.

Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba? Ama ce? Me ya faru?"

"Ama tana nan yadda take."

Na ji ta saki numfashi, na ji ta jingina da wani abu.

"Kira na yi in tambaye ki, tunda ke ce kike zaune da masu ƙera waɗannan abubuwa. A ƙasarsu wata ba ya kai talatin da biyu ne?"

"Me?"

"Ta ƙi karɓar yau. Kullum tana tambayata rana ina ba ta, yau ta ce babu."

"Tsaya. Tambayarka take yi? Tun yaushe?"

"Tun tsawar farkon wata."

"Kai kuma wace rana kake ba ta?"

"Ta bango mana."

"Shekara fa?"

"Haba Nani. Shekarar da muke ciki."

Na duba ko wayar ta yanke. Can na ji wata ƙara, na zaci kuka ne. Dariya ce. Daga baya ta koma abin da na zata da farko.

Da ta iya magana ta yi mini dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan bayan aji. Kwamfuta ba ta san kalandarmu ba, ta Turawa kawai ta sani. Da na ce mata 2082, ta yarda, ta ɗauka mun tsallake shekara hamsin da bakwai. Duk fayil ɗin da na buɗe na adana sai ta buga masa wannan shekarar a goshi. In Hiraman ya ce a bar sabo, na'urarsa ta dubi na Prabha, 2025, ta dubi nawa, 2082, ta share nata.

"Sai na haura casa'in kafin nawa ya zama sabo, Baba."

Su kuma shafukan intanet, a lissafinta duk shaidarsu ta daɗe da ƙarewa, shi ya sa take rufe mini ƙofa.

Na ce, "Ashe da ta ce agogo ya yi gaba..."

"Ta faɗa maka? Ta faɗa maka ka ƙi ji?"

"Hiraman ne ya ce ƙarya take."

Ta ja hanci. "Ni ma na gani fa. 2082 a gefen kowane fayil. Idona ya wuce ta kai. Ai shekarar gida ce."

Ba wanda ya ce yi haƙuri. A gidanmu ba a iya wannan ba. Ta ce, "Ta ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka caja wayar."

Na ce a cike take.

Laraba dai, da yamma

Mai gishiri, da ƙararta. Ido ya juyo. Ba a cinye ba, amma an ci.

Alhamis, 1 ga watan Saun, da rana

Na gangara na gaya wa Hiraman. Ya cire hula ya shafa sanƙo.

"Mutum biyu, tabarau biyu, har da rediyo."

"Kai ka ce ƙarya take."

"Kai ka yi shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane! Ni hoto nake ɗauka, ba a tambayata shekara."

Ya hauro da yamma da ɗan batir ɗinsa. Na bar shi ya kwance, amma na fita baranda har ya gama. Ya sa mata ranar Turawa, sha bakwai ga wata na bakwai, 2025, na ji kamar an mayar da ni ƙuruciya ba tare da an mayar mini da gwiwoyina ba. Muka taɓa intanet, ƙofa ta buɗe kamar ba ita ba.

Prabha ta jera tatsuniyoyin a shafi guda, wanda ke buɗewa a tata da tawa da ta Hiraman iri ɗaya. Na karanta. Har yanzu ina nan a kan bakana, nawa ya fi tsari. Ba ta san inda ake sa waƙafi ba.

Asabar, 3 ga Saun, da yamma

Prabha ta aiko saƙo da rana, wannan karon ni ta rubuto wa. Yau da gaske aiki ya riƙe ta, wata tsohuwa a wurinsu ba ta da lafiya. "Kai ka karanta mata daga shafin, a wayarka. Yadda yake, Baba. Kada ka tsallake."

Na hau. Tulasa ta zauna da kwano, ta sa wa Devkala koren awarwaro na watan Saun a hannun da ke motsi. Na fara mai gishiri, tunda ita ta fi so. Ban yi muryar aji ba. Na yi ƙoƙarin tuna yadda take jan "tsohuuuwa". Ido ya bar rufi, ya zo kaina, da alamar tuhuma. Cokali ya shiga.

Damisa ta fito. Tsohuwa ta roƙi a bar ta ta sauke kaya. Ta sunkuya.

Na ga kalmar tana tahowa daga ƙasan allo. Na ce, "Sai ta yi gyaran murya."

Baki ya rufe. Cokalin Tulasa ya tsaya a iska. Idon nan ya kafe ni, irin kallon da take yi mini in na ce wa baƙi ni na zaɓi labulen falo.

"Yaya," in ji Tulasa, "ni ban iya karatu ba, amma ba haka aka rubuta ba."

Taga a buɗe take. Matar maƙwabci tana kwashe shanya. Ni Dilliram Basyal, da na riƙe makaranta, da ba a taɓa jin ko "wawa" daga bakina ba.

Na koma baya. "Sai ta sunkuya, ta saki wata irin tusa."

Idon bai sake ni ba. Ana jiran saura.

Na ajiye wayar, na cika kumatu, na yi ƙarar. Na yi ta da gaske, har duwatsu uku na labarin suka amsa ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi.

Hannun ya tashi daga bargo, kaɗan, awarwaro suka yi ƙara, ya faɗa a kan cinyarta. Daidai inda take bugawa in ta zo nan a labarin.

Lahadi, 4 ga Saun, da hantsi

Na je sayen madara. Tun daga nesa Hiraman ya leƙo daga shago, a gaban mutane: "Masta-ji! An ce jiya damisa ta gudu daga unguwarku!"

Ban kula shi ba. Ina sauri. Tulasa tana kankare tukunya, daga ɗakin sama an nuna a ƙara jaulo.